Daga Madakiya Zuwa Lokon Kafanchan: Su Wa Suka Ƙera Kawunan Jiragenmu?

Duk matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufi kudancin jihar, in ya wuce Kajuru da Kachiya ya iso Zonkwa, zai ga ƙasa ta sake kama. Itatuwa sun ƙara tsawo da duhu, duwatsu sun fara leƙowa ta gabas, gonakin citta da acca da dawa da doya sun jeru dama da hagu. Damina a nan ta kan riga ta Kano da Katsina sauka, ta kuma fi su daɗewa, saboda haka ko cikin watan Oktoba ido ba ya ganin kome sai kore shar. Daga Zonkwa kuwa tafiya kaɗan ce ta rage a kai Madakiya, garin Bajju da ke cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Katab, daf da Kafanchan.

Abin da ya fi kai baƙi Madakiya shi ne Matsirga. Ruwa ne da ke tasowa daga duwatsun Kagoro, ya biyo kwari, ya zo bakin wani dutse ya faɗo ƙasa daga tsawon kimanin ƙafa 100. Da damina tun daga nesa a ke jin ruguginsa, in kuwa mutum ya matso kusa sai feshi ya jiƙe masa riga tun bai kai bakin ruwan ba.

To, amma akwai wani rugugin da tsofaffin wannan yanki suka tashi da shi a kunnensu, wanda yaran yau ba su san shi ba. Shi ne rugugin jirgin ƙasa mai kwal, sa'ad da ya baro tashar Kafanchan da asuba yana huci, yana busa, yana jan taragu zuwa Kaduna ko Jos ko Makurɗi. Da wannan busa manomi ke sanin lokacin fita gona, da ita mai tuwo ke sanin lokacin kai kwanonta tasha. A jikin kowane kan jirgi kuwa akwai wani ɗan allon ƙarfe ko na tagulla da a ke mannawa, mai ɗauke da sunan ma'aikatar da ta ƙera shi, da garin da ta ke, da shekarar da aka gama shi. Wanda ya bi waɗannan alluna ɗaya bayan ɗaya zai karanta sunayen garuruwan Ingila da Sikotilan, daga baya na Jamus da Amurka da Kanada da Japan, amma ba zai taɓa cin karo da sunan wani gari na Nijeriya ba. Labarin Kafanchan da na waɗancan maƙera na ƙetare labari ɗaya ne, kuma akwai darasi a cikinsa ga kowane ɗan ƙasa.

Kuza da kwal

Abu biyu ne suka jawo dogo zuwa wannan kwari, kuza da kwal. Tun farkon zuwan Turawa suka gane cewa tudun Jos cike ya ke da kuza, sai dai fitar da ita aiki ne ja. Da fari 'yan alaro ne ke ɗaukarta a ka, su yi kwana da kwanaki suna tafiya har gaɓar Binuwai. Da dogon Baro ya kai Kano cikin 1911, sai aka ja wani siririn dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka gama cikin 1914. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kawai, alhali kuwa babban dogon ƙasar ƙafa 3 ne da inci 6. Saboda haka dole a sauke kaya a Zariya a sake loda su a wasu taragun, kana ƙananan kawunan jiragen ba su iya jan abin kirki.

A ɗaya gefen kuma, cikin 1909 aka gano kwal a tsaunin Udi, kusa da inda Inugu ta ke yanzu. Don a fitar da shi zuwa teku aka kafa Fatakwal, aka fara shimfiɗa dogo daga can cikin 1913, ya iso Inugu cikin 1916. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ci gaba da aikin zuwa arewa, ta Makurɗi da Lafiya, aka ratso ƙasar Jama'a har aka haɗe da babban dogo a Kaduna. Cikin 1927 kuma aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafanchan, ya bi ta Kagoro da Manchok, ya hau tudu zuwa Kuru da Bukuru da Jos, tafiyar kimanin kilomita 100. Abu ɗaya ya rage, watau ƙetare Binuwai. Shekara da shekaru jirgin fito ne ke ɗaukar taragu daga wannan gaɓa zuwa waccan, sai cikin 1932 aka buɗe babbar gadar Makurɗi.

Daga nan lissafi ya daidaita ga masu haƙar ma'adinai. Kwal ya hau daga Inugu zuwa injunan Jos, kuza ta sauko daga Jos zuwa jirgin ruwa a Fatakwal, duka biyun kuwa ba su da hanya sai ta Kafanchan. Siririn dogon Zariya ya yi ta ja da baya har aka rufe shi cikin 1957. Da aka ƙara jan dogo daga Kuru zuwa Bauci da Gombe da Maiduguri tsakanin 1958 da 1964, sai gyaɗa da auduga da shanun Barno su ma suka biyo ta wannan mahaɗa.

Garin da dogo ya raina

Ƙasar da aka kafa tasha a kanta ta Fantsuwam ce, daga sunansu ne ma aka sami sunan Kafanchan. Kafin zuwan dogo ƙauyuka ne na manoma da maharba. Amma mahaɗar jirgi ba ta zama ba mutane. Ana bukatar direbobi da masu zuba kwal, da gadi-gadi, da akawuna, da masu buga wayar tangaraho, da masu sayar da tikiti, da kafintoci, da maƙera, da ɗaruruwan leburori masu duba dogo suna ɗaure ƙusoshi. Ibo da Yarabawa da Tibi da Idoma suka zo aikin reluwe. Hausawa suka zo da fatauci da fawa da ɗinki, Filani suka kawo nono da shanu. Mutanen ƙasa kuma, Bajju da Katab da Kagoro da Jaba da Kaninkon da Kagoma, suka sauko da hatsi da itace da ƙarfin damtsensu. Da ya ke kowa da harshensa ya zo, Hausa ce ta zama harshen tasha da kasuwa. Gari ya bunƙasa har Sarkin Jama'a ya baro tsohon mazauninsa ya dawo Kafanchan cikin 1933.

A wannan zamani ne kuma noman citta ya kafu a ƙasar Jaba da Kachiya da kewaye, domin yanzu akwai abin da zai kai ta bakin teku. Misalin yadda dogo ke sake rayuwar ƙasa ke nan: manomin da bai taɓa ganin teku ba ya wayi gari farashin amfanin gonarsa yana hawa da sauka bisa ga abin da aka yanka a kasuwannin Ingila.

Aikin loko

Zuciyar tashar kuwa ita ce loko, watau rumfar da kawunan jirage ke kwana a yi musu hidima. Mai karatu wanda bai tarar da jirgi mai kwal ba zai so ya ji yadda ya ke aiki. Kan jirgin wata doguwar tukunya ce ta ƙarfe kwance bisa ƙafafu, cike da ruwa. A bayanta akwai murhu, inda mai zuba kwal ke ta watsa shebur ba hutawa. Zafin wutar ya kan bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa tukunyar, ruwa ya tafasa ya zama tururi. Direba ya buɗe wa tururin hanya, shi kuma ya tura fistan gaba da baya, fistan ya tura dogayen sandunan ƙarfe, sandunan su juya ƙafafu. Iyakar dabarar ke nan, amma ɗawainiyarta ba ta ƙarewa.

Da jirgi ya shigo za a zubar da toka, a share murhu, a cika tankinsa da ruwa, a loda masa kwal, a bi kowace gaɓa da mai da girisi, a duba birki, a cika akwatin yashin da a ke zuba wa dogo don kada ƙafafu su yi santsi. Bayan 'yan kwanaki kuma dole a kashe wuta, a bar tukunya ta huce, a wanke cikinta, don dattin ruwa ya kan daskare a jikin bututai ya hana zafi ratsawa, in an yi sakaci ma ya jawo fashewa. Akwai masu ƙwanƙwasa ƙafafun taragu da guduma, su gane tsagewa ta wurin amo kawai. Akwai masu tashi da tsakar dare su hura wuta, domin tukunya mai sanyi sai ta yi awoyi kafin ta ba da tururin da zai motsa jirgi.

Hawan Jos shi ne babban gwaji. Kafanchan tana wajen ƙafa 2,400 bisa teku, Jos kuwa tana wajen ƙafa 4,000, ga kwana-kwana a gindin duwatsu. Jirgin da ba a yi masa hidima sosai ba a nan asirinsa ke tonuwa. Don haka a ke girmama direba da bakaniken da suka goge a wannan hanya. Babban gyara, irin na sauke tukunya ko sake ƙafafu, a kan kai shi manyan ma'aikatun reluwe ne, kamar na Ebute Metta a Ikko da na Inugu. Amma gyaran yau da kullum, wanda shi ke riƙe da jirgi a kan dogo, a irin lokon Kafanchan a ke yin sa. Har wa yau Kafanchan ce aka mai da hedkwatar ɗaya daga cikin gundumomin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1955.

Ma'aikatan reluwe sun san darajar kansu. Cikin watan Yuni na 1945, da tsadar rayuwa ta yaƙi ta ishe su, su ne suka ja gaba a babban yajin aikin da ya tsai da ƙasar fiye da kwana 40, a ƙarƙashin shugabanni irin su Michael Imoudu, wanda shi ma a ma'aikatar reluwe ya koyi aikin ƙarfe. Kwal ɗin da su ke ƙonawa ma ba a banza ya zo ba: ran 18 ga watan Nuwamba na 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a ramin Iva da ke Inugu, abin da ya ƙara wa neman mulkin kai zafi.

Maƙerar Vulcan

Yanzu bari mu bi ɗaya daga cikin allunan nan zuwa gidansu. Cikin 1830 aka buɗe dogo tsakanin Libaful da Mancesta a Ingila. Kusan tsakiyar hanyar akwai wani ƙaramin gari, Newton-le-Willows. A nan wani attajirin Libaful mai suna Charles Tayleur ya kafa ma'aikata cikin 1832, don ƙera kayan ƙarfe da sabuwar hanyar ke bukata. Robert Stephenson, ɗan George Stephenson wanda a ke kira uban jirgin ƙasa, ya yi tarayya da shi na 'yan shekaru. Cikin 1847 ma'aikatar ta ɗauki sunan Vulcan Foundry, sunan da aka aro daga tatsuniyoyin Rumawa na dā, inda Vulcan ya ke a matsayin sarkin maƙera. Kamfanin ya gina wa ma'aikatansa gidaje a jere kusa da ƙofa, ɗa ya gaji uba a bakin maƙera, jika ya gaji kaka.

Tun da wuri suka gane cewa kasuwarsu ta fi Ingila faɗi. Su suka ƙera kawunan jiragen da aka kai Indiya cikin 1852, waɗanda aka fara jigilar fasinja da su daga Bombai cikin 1853. Kan jirgi mai lamba ɗaya na ƙasar Japan, wanda aka ƙera cikin 1871, shi ma daga nan ya fito. Shekara ɗari suna cin kasuwar ƙasashen da Ingila ke mulka, musamman Indiya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu suka koma ƙera tankokin yaƙi masu suna Matilda. Da yaƙi ya ƙare, reluwen Nijeriya ta gaji tiɓis, kawunan jiragenta sun tsufa, ga dalar gyaɗa tana ta tashi a Kano ba abin kwashewa. Daga 1948 aka fara kawo wasu sababbin kawuna daga Vulcan, masu ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas a tsakiya, ƙanana biyu a baya. An raɗa musu sunayen kogunan Nijeriya, kuma an tsara murhunsu yadda zai dace da kwal ɗin Inugu. Sun yi kyau ƙwarai, har reluwen Afirka ta Gabas ta sa aka ƙera mata nata bisa tsarinsu.

Ba Vulcan kaɗai ke sayar mana ba. A birnin Gilasgo akwai North British Locomotive Company, wanda ya samu cikin 1903 da aka haɗe kamfanoni uku, ya zama mafi girma a Turai wajen wannan sana'a. Shi ma ya ƙera mana irin masu sunayen kogunan nan. A Mancesta kuma akwai Beyer, Peacock, wanda aka kafa cikin 1854, ya yi suna da irin kan jirgin da a ke kira Garratt. Shi wannan tukunyarsa a rataye ta ke tsakanin inji biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, don nauyi ya rabu bisa ƙafafu da yawa, ya kuma iya shan kwana ba wahala. Nijeriya ta sayi irinsu cikin shekarun 1930.

To, ina waɗannan manyan maƙera su ke yau? North British ya kasa sabawa da zamanin dizal, ya karye cikin 1962. Beyer, Peacock ya rufe cikin 1966. Vulcan ta fi su tsawon rai, don ta shiga hannun kamfanin English Electric cikin 1955, ta koma ƙera kawuna masu dizal da masu lantarki, daga bisani ta tsaya ga injunan dizal kawai. Duk da haka cikin 2002 aka rufe ta, bayan shekara 170 tana aiki. An rushe rumfunan, an gina gidaje a filin, sai tsofaffin gidajen ma'aikata ne suka rage a tsaye. Ashe ko mai ƙera jirgi, in bai bi zamani ba, zamani zai wuce ya bar shi.

Yadda wuta ta mutu

Cikin 1955 ɗin nan ne aka fara kawo kawuna masu dizal Nijeriya. Ga hukuma sauƙi ne babba: ba a tsayawa shan ruwa a hanya, ba toka, ba wankin tukunya, da an murɗa sai ya tashi. Amma ga gari irin Kafanchan da Inugu labarin dabam ne, domin ayyukan hannu da yawa sun tafi tare da kwal. Daɗin daɗawa, in sandar ƙarfe ta karye a jikin mai kwal, maƙerin reluwe ya kan iya sarrafa wata a ma'aikata. Mai dizal kuwa in famfon mansa ko injin lantarkinsa ya lalace, sai a zauna jiran safaya daga ƙetare, da kuɗin ƙetare. Kafin shekarun 1980 su yi nisa masu kwal sun kwanta gaba ɗaya.

Cikin 1964 reluwen Nijeriya, mai tsawon wajen kilomita 3,500, ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Daga nan sai gangara. Rikicin 1966 ya sa gogaggun ma'aikata da yawa 'yan asalin Gabas suka koma gida. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke dogon Gabas, wanda shi ne jijiyar Kafanchan. Bayan yaƙi kuɗin man fetur ya shigo, aka zuba shi a titunan mota, manyan motoci suka kwashe kayan da jirgi ke ɗauka. Kuza ta yi ƙasa, dalar gyaɗa ta ɓace. Al'amari ya kai ga gwamnati ta ɗauko wani kamfanin reluwen Indiya mai suna RITES cikin 1979, ya riƙe hukumar har 1982. An ga sauƙi a 'yan shekarun nan, amma da suka tafi sai aka koma gidan jiya.

Kafanchan ta ji a jikinta. Albashin ma'aikata da ke juya kasuwa ya ragu, samari suka rasa inda za su koyi aiki. Garin da a dā aiki ɗaya ya haɗa ƙabilu da addinai a rumfa ɗaya, ya zama ana ambatonsa a labarai saboda tarzoma, tun daga ta watan Maris na 1987. Ba za a ce mutuwar reluwe ce kaɗai ta jawo wannan ba, dalilan suna da yawa kuma sun daɗe. Amma kowa ya san mutanen da ke cin abinci a akushi ɗaya sun fi jin nauyin juna.

Darasin Indiya

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Indiyawan da suka zo gyara mana reluwe cikin 1979, ba su ne kakanninsu suka sayi kan jirgi daga Vulcan cikin 1852 ba? Maƙera ɗaya muka yi ciniki da su. Bambancin shi ne, da Indiya ta sami mulkin kai cikin 1947 ba ta ɓata lokaci ba, cikin 1950 ta buɗe ma'aikatarta ta ƙera kawunan jirage a Chittaranjan. Ta fara da taimakon baƙi, tana harhaɗa abin da aka kawo mata, tana ƙara yawan abin da ta ke yi da hannunta shekara bisa shekara, har ta kai ga sayar wa wasu ƙasashe. Mu kuwa muna da makanikai da suka san cikin jirgi kamar yunwar cikinsu, amma ba a taɓa ɗaga su daga gyara zuwa ƙira ba.

Ba wai ba a yi yunƙuri ba. Cikin 1964 an kafa ma'aikatar ƙera makamai a Kaduna da taimakon wani kamfanin Jamus. Cikin 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri. Kafin ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 aka kafa ta Steyr a Bauci, da ta manyan motocin Fiat a Kano, da ta injunan sarrafa ƙarfe a Oshogbo, wadda ita ma da Indiyawa aka yi tarayya. Uwar su duka kuwa ita ce ma'aikatar ƙarafa ta Ajakuta, wadda Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashinta cikin 1980, da nufin ta ciyar da sauran da ƙarfe. Da ya ke uwar ba ta tashi ba, 'ya'yan suka dogara ga kayan da a ke shigowa da su. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sai yawancinsu suka durƙushe ko suka koma aikin jeka-na-yi-ka.

Abin da ya ƙara sa lamarin ya zama abin kunya shi ne tarihin wannan ƙasa ta kudancin Kaduna kanta. Ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba, tafiya kaɗan ce daga Kafanchan. A can ne masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu cikin 1928, daga baya Bernard Fagg ya bi diddigin al'amarin har duniya ta san shi. Binciken da aka yi a Taruga ya nuna cewa mutanen wannan al'ada suna narka tama su fitar da ƙarfe tun wajen shekara 2,500 da suka wuce. Watau an hura wutar maƙera a wannan yanki fiye da shekara 2,000 kafin a aza tubalin Vulcan. Har yau kuma in ka shiga kasuwannin Kafanchan da Zonkwa za ka tarar da maƙera da masu walda suna ƙera garma da ƙofofi da injin niƙa daga tsofaffin ƙarafa. Hannu bai mutu ba, jagora ne babu.

Abin da ya rage a yi

Cikin 2016 an buɗe sabon dogo mai faɗi tsakanin Abuja da Kaduna, cikin 2021 kuma na Ikko zuwa Badun. Abin farin ciki ne, amma in mutum ya duba allunan da ke jikin sababbin kawunan, sunayen garuruwan Sin zai gani a inda a dā a ke ganin na Ingila. Cikin watan Maris na 2021 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da aikin sake gina dogon Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda dole ya ratsa Kafanchan. Jama'ar wannan yanki suna da haƙƙin su riƙa tambayar wakilansu inda aka kwana, domin citta da masara da doyar da su ke nomawa kaya ne masu nauyi, irin waɗanda jirgi ya fi mota arahar ɗauka. Manoman citta, waɗanda cutar da ta auka wa gonakinsu cikin 2023 ta karya, sun fi kowa bukatar duk abin da zai rage musu tsadar kai kaya kasuwa.

Amma dawo da jirgi kaɗai bai isa ba. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla da mai sayar mana da kan jirgi ko tarago, ya kamata a sa sharaɗin cewa wani kashi na kayan a nan za a yi shi, kuma kashin ya riƙa ƙaruwa. A fara da ƙananan abubuwa, takalmin birki da ƙusoshin dogo da ƙofofin taragu, waɗanda ba su fi ƙarfin maƙeranmu ba. Filayen reluwe da rumfunanta na Kafanchan da Zariya da Inugu sun isa a mai da su wuraren koyon sana'a, a haɗa su da kwalejojin fasaha, a nemo tsofaffin makanikan da suka yi ritaya su koyar tun suna da sauran ƙarfi, gama duk wanda ya rasu a cikinsu da iliminsa ya ke tafiya. Sarakuna da hakimai da masu unguwa kuma su sa ido a kan ɓarayin da ke kwance ƙarafan dogo suna sayarwa a matsayin gwangwan, domin wanda ya saci dogo ya saci hanyar garinsu ne.

Daga ƙarshe, duk tsohon kan jirgi ko tarago ko agogon tasha da ya rage, a adana shi, kada a sayar wa masu awon ƙarfe. Japanawa sun ajiye nasu mai lamba ɗaya a gidan tarihi har yau, suna nuna wa 'ya'yansu inda aka faro. Malaman da ke kai 'yan makaranta kallon Matsirga su ƙara 'yar tafiya kaɗan su kai su tashar Kafanchan, su nuna musu inda dogo ya rabu uku, su gaya musu su wa suka ƙera jiragen da suka bi ta nan, su wa kuma suka riƙe su da rai shekara da shekaru. Mai yiwuwa ne a cikin yaran nan akwai wanda wata rana zai manna allo a jikin kan jirgi da sunan garinsu a kai. Allah Ya nuna mana.